Yadda Aka Sa Zafi a Mizani: Daga Ƙanƙarar Faris Zuwa Akushin Talaka

A cikin hunturun da ya haɗa ƙarshen shekarar 1782 da farkon 1783, sa'ad da mutanen birnin Faris ke ƙudundune cikin gidajensu suna fatar ɗari ya wuce, akwai wasu malamai biyu waɗanda su burinsu shi ne sanyin ya daɗe. Ɗayansu shi ne Antoine Lavoisier, masanin ilmin sinadarai, ɗayan kuwa Pierre-Simon Laplace, gwanin lissafi. Dalili kuwa shi ne sun ƙera wata na'ura wadda ba ta aiki sai da ƙanƙara, ba ta kuma faɗin gaskiya sai ɗakin da aka ajiye ta ya yi sanyi ƙwarai. Da wannan na'ura suka yi niyyar auna wani abu wanda ɗan Adam ya san shi tun ranar da ya fara hura wuta, amma bai taɓa samun mudun auna shi ba, watau zafi.

Abin da mamaki in mutum ya tsaya ya yi tunani. Hatsi yana da mudu, zinariya tana da mizani, tufa tana da kamu, har lokaci ma an yanka shi sa'a-sa'a. Amma da za a tambayi maƙerin wancan zamani yawan zafin da ke cikin buhun gawayinsa, iyakar amsarsa ita ce wannan gawayi yana ci da kyau, wancan kuwa ba shi da ƙarfi. Yau ga shi injiniya yana buɗe littafi ya karanta yawan zafin da kilo guda na kwal ko na kananzir zai bayar, galibin gwangwanayen abinci kuma da lambar kalori a jikinsu. Yadda aka taso daga "yana ci da kyau" har aka iso ga waɗannan lambobi shi ne labarin da za mu bi, za mu kuma ga cewa a kan magana guda duk aka yi ginin: zafi ba ya fitowa daga babu, ba ya kuwa salwanta, saboda haka ana iya riƙe masa littafin lissafi kamar yadda ɗan kasuwa ke riƙe wa dukiyarsa.

Kaifi Dabam, Yawa Dabam

Kafin zamanin su Lavoisier an riga an sami ma'aunin nan na gilas mai zaiba a ciki. Daniel Fahrenheit ya kyautata shi a farkon ƙarni na 18, Anders Celsius na ƙasar Suwidin kuma ya tsara nasa matakan a 1742. To, amma wannan ma'auni kaifin zafi kaɗai yake nunawa, ba yawansa ba. Allurar da aka sa a wuta har ta yi ja ta fi tukunyar ruwan ɗumi kaifin zafi nesa ba kusa ba. Amma jefa allurar cikin ƙwaryar ruwan sanyi, ba za ka ji wani canji ba. Juye ruwan tukunyar a ciki kuwa, nan da nan sai ƙwarya ta ɗumama. Allura ta fi kaifi, tukunya ta fi yawa.

Wanda ya fara warware wannan bambanci sosai shi ne Joseph Black, likita kuma shaihun malami a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotland. Wajen shekarar 1761 wata tambaya ta dame shi: me ya sa in bazara ta shigo dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsu ba ta narkewa gaba ɗaya? Ya lura cewa da haka take yi, da ambaliya ta share garuruwa kowace shekara. Sai ya ɗauki kofunan gilas biyu, ɗaya da ruwa mai sanyi dab da daskarewa, ɗaya da ƙanƙara mai nauyi daidai da na ruwan, ya ajiye su cikin ɗaki guda. Cikin rabin sa'a ruwan ya hau digiri 7 a ma'aunin Fahrenheit. Ƙanƙara kuwa sai da ta ɗauki sa'a goma da rabi kafin ta narke ta iso wannan matsayi. Ke nan ta sha zafin ɗakin sau 21 bisa abin da ruwan ya sha. In an ninka 7 sau 21 an sami 147, in an cire 7 na hawan da aka gani da ido, saura 140 waɗanda suka shiga ƙanƙarar ba tare da ma'auni ya nuna su ba. Black ya kira wannan ɓoyayyen zafi. A awon yau, zafin da ke narkar da kilo guda na ƙanƙara ya isa ya ɗaga kilo guda na ruwa daga bakin daskarewa zuwa kimanin digiri 80 na Celsius, lissafin Black kuwa ya faɗo dab da haka.

Irin wannan ɓoyayyen zafi ne ruwa ke kwashewa in zai zama tururi, har ma kusan ninki bakwai na wanda narkewa ke ci. Shi ya sa randar ƙasa ke sanyaya ruwa: ɗan abin da ke tsatsafowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafin na ciki. Muhimmin abu dai a nan shi ne Black ya nuna cewa kowane awo na ƙanƙara yana da farashinsa na zafi, farashin kuwa ba ya canjawa. Wanda ya san farashi ya sami mudu.

Tukunyar Ƙanƙara da Ɓeran Masar

Lavoisier shi ne ya ɗauki wannan mudu ya shiga kasuwa da shi. An haife shi a Faris a 1743, ya karanta shari'a, daga bisani ya sayi hannun jari cikin kamfanin da ke karɓar wa Sarkin Faransa harajin gishiri da taba da na kayan da ke shiga birni. Da rana yana kan littattafan kuɗi, da asuba da dare yana ɗakin gwaji. Halin ma'ajin nan kuwa da shi ya shiga kimiyya: kome zai haɗa sai ya auna shi kafin haɗawa, ya sake aunawa bayan haɗawa, abin da ya shiga lalle ya yi daidai da abin da ya fita. Ta haka ne ya gane cewa ƙonewa ba wani abu ba ne illa haɗuwar abin da ke ci da wani sashe na iska, wanda shi ne ya raɗa masa suna oksijin.

Na'urar da suka ƙera da Laplace gwangwanaye uku ne, ɗaya cikin ɗaya. Na can ciki kamar kwando ne na waya, nan ake sa abin da za a auna. Na tsakiya an cika shi da farfasasshiyar ƙanƙara, da famfo a ƙarƙashinsa. Na waje shi ma cike yake da ƙanƙara, amma aikin wannan gadi ne, ita ce ke tare zafin ɗaki don kada ya isa ta tsakiya. Saboda haka duk ɗigon da ya fito ta famfon tsakiya, zafin abin da ke cikin kwando ne ya narkar da shi. Sai a tara ruwan a ɗora bisa mizani. Nauyin ruwa shi ne yawan zafi. Da suka ƙone gawayi a ciki, sai suka ga yana narkar da ƙanƙara kusan ninki ɗari na nauyinsa, awon da har yau ba a same shi da babban kuskure ba.

Sa'an nan suka yi gwajin da ya sa ake tunawa da su. Suka sa ɓeran Masar cikin kwandon, ya zauna sa'a 10, ɗumin jikinsa ya narkar da ƙanƙara kimanin oza 13. A wani gwaji dabam suka auna yawan iskar da irin wannan dabba ke fitarwa in tana numfashi, watau iskar nan da yanzu ake kira kabon dayoksaid, wadda ita ce kuma gawayi ke fitarwa in yana ci. Suka tambayi kansu: in an ƙone gawayin da zai ba da daidai wannan iska, ƙanƙara nawa zai narkar? Lissafi ya ba su oza 10 da ɗoriya. Lambobin biyu ba su yi daidai ba, amma sun yi kusa ƙwarai, suka kuma ɗora bambancin a kan cewa gaɓoɓin dabbar sun huce cikin sanyin na'urar, sun ba da wani zafin da ba na numfashi ba. A cikin rahoton da suka karanta gaban Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa a watan Yuni na 1783, suka yanke cewa numfashi ƙonewa ne, mai tafiya sannu a hankali, amma irin na gawayi.

Wannan magana ba ƙarama ba ce. Tun zamanin likitocin Yunanawa ake ɗaukar ɗumin jiki a kan wata wuta ce ta musamman wadda ke zaune cikin zuciya, ba ta da dangantaka da wutar murhu. Ga shi yanzu mizani ya ce duk kanwar ja ce. Gaskiya ne sun yi kuskure a wuri guda, domin sun zaci cikin huhu ake ƙonewar, alhali daga baya an tabbatar cewa cikin naman jiki ne ko'ina. Amma tushen maganarsu ya tsaya. A littafinsa na 1789 Lavoisier ya ba na'urar suna kalorimita, ya kuma nemi gafarar malamai saboda ya haɗa kalmar Latin da ta Girka cikin suna ɗaya. Matarsa, Marie-Anne Paulze, ita ce ta zana hotunan na'urorin da ke cikin littafin.

Wanda Ya Fi Ƙonewa Shi Ya Fi Rashi

Daga dabba sai Lavoisier ya koma kan mutum. Wajen 1790 wani matashin abokin aikinsa, Armand Seguin, ya yarda aka rufe masa fuska da wata na'ura ana auna oksijin ɗin da yake shaƙa. Suka ga yana ƙaruwa in ana sanyi, yana ƙaruwa bayan cin abinci, in kuwa yana aikin ƙarfi sai ya ninka fiye da sau biyu. Lavoisier bai tsaya ga lamba kaɗai ba. Ya rubuta yana mamakin yadda leburan da ke ci da guminsa, wanda jikinsa ya fi na kowa ƙonewa, shi ne ya fi kowa ƙarancin abin da zai mayar, mai dukiya kuwa da ke zaune bai buƙaci da yawa ba, shi ne abinci ya yi wa yawa.

Sai dai mutanen Faris ba wannan fuska suka sani ba ta Lavoisier. Su abin da suka sani shi ne ɗan kamfanin haraji wanda ya ba da shawara aka kewaye birninsu da ganuwa domin kada kaya su shiga ba a biya ba. Da juyin juya halin Faransa ya yi tsanani, aka kama shi tare da abokan kamfaninsa, aka fille kawunansu su 28 a ranar 8 ga Mayu, 1794, har da surukinsa. Yana da shekara 50. An ruwaito cewa masanin lissafi Lagrange ya ce ƙiftawar ido ta isa a sare wannan kai, amma shekara ɗari ba lalle ta kawo irinsa ba.

Shin Mene Ne Zafin?

Akwai wani abin lura cikin rahoton 1783. Malaman lokacin sun rabu biyu: wasu na cewa zafi wani ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga jiki zuwa jiki, wasu na cewa motsi ne na ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu. Lavoisier da Laplace suka kawo ra'ayoyin biyu, suka ƙi zaɓen ɗaya, domin awonsu bai dogara ga kowanne ba. Shi dai Lavoisier zuciyarsa na ga ra'ayin farko, har ya sa zafi cikin jerin asalan abubuwa a 1789. A nan kam bai dace ba, amma lambobinsa ba su lalace saboda haka ba.

A 1798 wani haifaffen Amurka mai suna Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da sarautarsa ta Rumford, yana kula da aikin huda igwa a birnin Munik na Jamus. Ya lura cewa muddin dawakai na juya igwar a kan mahudin, zafi ba ya ƙarewa, har ya tafasa ruwa cikin sa'a biyu da rabi ba tare da wuta ba. Ya ce abin da ba ya ƙarewa haka ba zai zama ruwan da aka adana cikin ƙarfe ba, sai dai motsi. Wani ikon Allah, shi ne ya auri matar da Lavoisier ya bari, a 1805, ko da yake auren bai yi ƙarko ba. James Joule, ɗan wani mai masana'antar giya a kusa da Mancesta ta Ingila, shi ya kammala hujjar. Ya sa nauyi yana saukowa yana juya filafili cikin ruwa, yana auna ɗan ɗumin da ruwan ke samu, ya nuna a 1850 cewa kowane awo na aiki yana haifar da awo sananne na zafi. Don girmama shi ne ake kiran awon ƙarfi jul. Kalori guda, watau zafin da ke ɗaga giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, daidai yake da jul 4.18, jul dubu kuma shi ne kilojul.

Kowace Hanya Aka Bi

Shekaru goma kafin wannan, a birnin Fitasbag na Rasha, wani malami ya riga ya gano dokar da ta zama ginshiƙin wannan ilmi. Germain Hess haifaffen Janeba ne a 1802, amma a Rasha ya girma, ya yi aikin likita a Irkutsk ta Saiberiya kafin ya koma ga sinadarai. Bayan gwaje-gwaje masu yawa da asid da ruwa da sauransu, ya bayyana a 1840 cewa yawan zafin da wani sauyi ke bayarwa ɗaya ne, ko an yi shi a taki guda ko an bi ta matakai. Mai hawa dutse, ko ya miƙe ta gaba ko ya zaga ta baya, tsawon dutsen bai canja ba.

Amfanin wannan doka shi ne tana ba da awon abin da ba ya aunuwa kai tsaye. Ga misali da lambobin yau. Giram 12 na kabon, wanda shi ne jigon gawayi, in ya ƙone sarai ya zama kabon dayoksaid, yana ba da kimanin kilojul 394. In iska ta yi ƙaranci kuwa sai ya tsaya rabin hanya, ya zama kabon monoksaid. Zafin wannan rabin hanya yana da wuyar aunawa, domin ba a iya hana wani sashe ya wuce gaba. To, amma ana iya tara kabon monoksaid ɗin a ƙone shi dabam, a sami kilojul 283. Sai a cire 283 daga 394, saura 111, shi ke nan an sami amsa ba tare da an yi gwajin ba. Lissafin yana kuma koyar da wani abu: kaskon gawayin da aka hana wa iska yana zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na zafinsa, abin da yake fitarwa kuwa guba ce marar launi marar wari, wadda ke kashe masu barci cikin rufaffen ɗaki.

Bam Cikin Bokitin Ruwa

Bayan Hess sai aikin ya zama na haƙuri. Julius Thomsen na birnin Kopenhagen ya yi awo wajen 3,500, ya tattara su cikin littattafai huɗu tsakanin 1882 da 1886. Abokin hamayyarsa shi ne Marcellin Berthelot na Faris, wanda ya shiga binciken albarushi sa'ad da sojojin Jamus suka kewaye birnin a yaƙin 1870 zuwa 1871. Daga wannan bincike ne, wajen 1880, ya fito da na'urar da ake kira bam. Tulu ne na baƙin ƙarfe mai kauri, a sa ɗan abin da za a ƙone a ciki, a ɗura oksijin da matsi kamar ninki 25 na iskar da muke ciki, a ɗaure murfi tam, a nutsar da shi cikin ruwan da aka san nauyinsa, sa'an nan a kunna da wayar lantarki. Nan take abin ya ƙone ƙurmus, ruwan ya ɗumama, a karanta hawan da ya yi. Ƙanƙara ta ba ruwa wuri, aikin da ke cin yini ya koma na mintoci, ba a kuma jiran hunturu. Da irin wannan na'ura ake tantance darajar kwal da man fetur har yanzu, da ita aka san cewa gawayi yana ba da kusan ninki biyu na zafin busasshen itace mai nauyi ɗaya da shi.

Mutanen biyu sun yi ta jayayya a kan wanda ya riga faɗin wata ƙa'ida, cewa kowane sauyi da ke faruwa da kansa yana bin hanyar da ta fi fitar da zafi. A 1883 aka raba musu lambar girma ta Davy a Ingila. Abin dariya, ƙa'idar da suke faɗa a kanta ba cikakkiya ba ce. Zuba gishirin amoniyam naitiret, wanda ake takin zamani da shi, cikin ruwa: zai narke da kansa, ruwan kuwa ya yi sanyi, watau zafi ya sha, ba fitarwa ya yi ba. Willard Gibbs na Amurka da Hermann von Helmholtz na Jamus su ne suka nuna cewa ban da zafi akwai wani abu na biyu da ke jan ragamar sauyi, shi ne yadda abubuwa ke karkata ga bazuwa da cakuɗewa. Ƙa'idar ta faɗi, amma awon da Thomsen da Berthelot suka yi ya ci gaba da amfani, kamar dai yadda ya faru ga Lavoisier.

Saura magana ɗaya ta suna. In sauyi ya haifar da iska cikin buɗaɗɗiyar tukunya, sai iskar ta ture ta waje kafin ta sami wuri, wannan turi kuwa yana cin ɗan ƙarfi. Cikin rufaffen bam babu wannan. Saboda haka lambobin biyu kan ɗan bambanta, masana kuma kan gyara ta bam ta koma ta buɗaɗɗiyar tukunya, domin a haka galibin sauye-sauye ke faruwa, a murhu ko a jikin mutum. Wannan zafi da ake aunawa ƙarƙashin matsin iska marar canjawa shi ake kira canjin entalfi. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta ɗumamawa a ciki, ana danganta ta ga Heike Kamerlingh Onnes na Jami'ar Leiden a Holan, ta kuma fara fitowa a rubuce a 1909. Ba a auna jimillar entalfin da ke cikin abu, sai dai abin da ya shiga ko ya fita, ana rubuta fita da alamar ragi, shiga da alamar ƙari, tamkar littafin ma'aji.

Ɗalibin sakandare na yau yana maimaita wannan tarihi cikin kofin roba mai riƙe zafi. Ya zuba mililita 50 na asid ɗin haidurokulorik, ya ƙara mililita 50 na ruwan sodar da ake sabulu da ita, kowanne da ƙarfin da ake kira mol ɗaya a lita. Ma'auni zai hau kusan digiri 7. Ya ninka nauyin ruwan, giram 100, da 4.18, da hawan da ya gani, sai ya sami kimanin kilojul 2.9. In lambarsa ta gaza, ya san zafi ya sulale ta murfi ko ta jikin kofi, matsalar da ta sa Lavoisier ya kewaye na'urarsa da ƙanƙarar gadi.

Littafi Ya Daidaita

To, yaya aka ƙare da giɓin nan na tsakanin oza 13 da oza 10? Shi kansa Lavoisier ya gane daga baya cewa ba kabon kaɗai jiki ke ƙonewa ba, har da haidurojin da ke cikin abinci, wanda ke zama ruwa. Amma cikakkiyar hujja sai da ta jira fiye da shekara ɗari. A 1894 Max Rubner na Jamus ya buga sakamakon gwajin da ya yi da karnuka cikin kalorimita na tsawon kwana 45. Ya auna zafin abincin da jikinsu ya ƙone, ya cire abin da ya fita cikin fitsari da kashi, ya gwama da zafin da jikinsu ya fitar. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

A Amurka, Wilbur Atwater na Jami'ar Wesleyan a jihar Konetikat, tare da masanin fiziya Edward Rosa, suka gina ɗan ƙaramin ɗaki wanda mutum zai zauna ciki kwanaki, ya ci, ya yi barci, ya tuƙa keken da ba ya tafiya, ana auna duk abin da ya shiga da wanda ya fita. An fara gwaji da mutane a 1896, lissafi kuwa ya daidaita ga mutum kamar yadda ya daidaita ga kare. Daga aikin Atwater ne aka sami lambobin da ake amfani da su a jikin gwangwani: giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4, na furotin 4, na mai ko kitse 9. Kalorin abinci kuwa babba ne, guda ɗaya daidai yake da dubu na ƙaramin da muka ambata. Ba shakka kalori ba shi ne dukan abinci ba. Atwater ya rasu a 1907, shekara biyar kafin a raɗa wa bitamin suna, kuma mutum na iya cika cikinsa da hatsi ya kwana da cutar rashin gina jiki.

Duk da haka, in yunwa ko yaƙi ya kori mutane daga gidajensu, da wannan mudu ake auna musu abinci. Hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya suna fara lissafinsu da kalori 2,100 ga kowane mutum a yini, su ƙara in ana sanyi ko in mutanen na aikin ƙarfi, abubuwan nan da aka fara gani a numfashin Seguin. Kilo guda na busasshen hatsi yana ɗauke da kimanin kalori 3,500, daga nan sai a san buhu nawa za a ɗora wa mota.

Kalorimitar Lavoisier da Laplace tana nan ajiye a gidan tarihin sana'o'i da ƙere-ƙere na birnin Faris, wanda bai sani ba sai ya ɗauka wata tsohuwar tukunya ce bisa ƙafafu. Tambayar da aka yi da ita an amsa ta tuni: wutar murhu da ɗumin jiki lissafinsu ɗaya ne. Ɗaya tambayar kuwa, wadda mai karɓar harajin nan ya yi game da leburan da ya fi kowa ƙonewa ya kuma fi kowa rashi, yanzu ana iya faɗin girmanta da lambobi, amma amsarta ba a ɗakin gwaji take ba.